Wata biyu ina shan man kifi saboda kumburin gaɓɓai, ban ga komai ba sai gyatsa

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin magani a cikinmu. Shekara uku ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓa. Da safe yatsuna ƙagewa suke yi, sai na yi kusan awa guda kafin in iya murɗa murfin kwalba ko in ɓalle wa yara maɓallin riga. Ina kan maganin da likita ya ɗora ni, kuma alhamdulillahi da sauƙi. To na karanta cewa omega-3, wani nau'in kitse da ke cikin man kifi, yana rage kumburi, sai na fara shan kafson man kifi guda ɗaya kullum da sassafe, tun kafin in sa komai a ciki. Yau wata biyu cif. Abin da na samu kawai gyatsa ce mai ƙarni da ke bina har rana ta take. Shin maganar omega ɗin ce ba ta da tushe, ko ni ce ban iya sha ba?

Mai Harhaɗa Magani:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin in ce komai, juya bayan kwalbar ki duba min. Kar ki kula da babban lambar da ke gaba. Nemi inda aka rubuta EPA da DHA, wato nau'o'in omega-3 guda biyu da ke cikin man, ki faɗa min miligiram nawa ne kowanne a kafso ɗaya.

Maman Tagwaye:
Amin Malam, na gode. A gaba an rubuta 1000. A baya kuma EPA 180, DHA 120.

Mai Harhaɗa Magani:
To ga bakin zaren. Wannan 1000 ɗin nauyin man ne gaba ɗaya. Abin da ke aiki a kan kumburi shi ne EPA da DHA, kuma su biyun a kafsonki miligiram 300 ne kacal, sauran 700 ɗin wasu nau'o'in kitse ne. Gwaje-gwajen da suka nuna sauƙin ƙagewar safe ga masu irin ciwonki, yawancinsu sun yi amfani da kusan giram 2.7 ko fiye na EPA da DHA a rana, har tsawon wata uku zuwa sama. Ki lissafa da kanki: kafso tara ke nan irin naki, ke kuwa ɗaya kike sha.

Na biyu, shan sa a cikin da babu komai. Mai ba ya narkewa a ruwa, abin da ke cikin hanji kuwa ruwa-ruwa ne. Kafin jiki ya iya tsotse shi sai ruwan madaciya ya zubo ya tarwatsa shi ya zama ƙananan ɗigo, yadda sabulu ke yi wa maiƙo a kwano, sannan sinadaran narkarwa daga fankiriyas su yanyanka shi. Madaciya kuwa ba ta matso ruwanta sosai sai ta ji abinci mai maiƙo ya iso. Idan ciki wayam ne, kafson zai fashe, man ya taso ya kwanta a saman ruwan ciki. Shi ne ƙarnin da kike ji yana dawowa.

Akwai kuma siffar da man ya zo a ciki. Na asali da ke jikin kifi tiragilisarid ne, wato sarƙar kitse uku a maƙale da ƙashin baya ɗaya. Idan kamfani yana son ya ƙara ƙarfin man, yakan raba sarƙoƙin ya maƙala wa kowacce wani ɗan guntu, ya zama etil esta, domin a haka ya fi sauƙin tacewa. Jiki ya fi shan wahalar warware etil esta. Wani bincike na 1988 ya nuna cewa da abinci marar maiƙo kusan kashi 20 cikin ɗari kawai ake tsotsewa, da abinci mai maiƙo kuwa ya kai kusan kashi 60. Kafso ɗaya, mutum ɗaya, bambancin kawai abin da ya ci tare da shi. Na faɗi wannan ne don idan kika koma nau'i mai ƙarfi domin rage yawan kafso, da alama etil esta za ki tarar.

Maman Tagwaye:
Ikon Allah. Kafso tara a rana, Malam? Ɗayan ma da ƙyar nake jure ƙarninsa.

Auta Ɗalibar Kimiyya:
Anti, abin da kika faɗa ɗin nan shi ne dalilin da ya sa ake ta bincike a kan hanyar isar da man. Ina karatu a wannan fannin kuma wallahi abin yana burge ni. Yanzu akwai kafson da aka haɗa man da sinadaran da ke tarwatsa shi tun daga masana'anta. Da ya taɓa ruwan ciki sai ya watse da kansa ya zama fari kamar madara, ɗigon ƙanana ƙwarai, wasu ba su kai nanomita 200 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Ba sai ya jira madaciya ba, don haka ko ba a ci maiƙo ba yana shiga jini. Akwai wanda aka riga aka warware sarƙoƙin, kitsen yana sake, ba ya buƙatar yankawa. Akwai mai rufi na musamman da ruwan ciki mai tsami ba ya iya narkar da shi, sai ya gangara ƙaramin hanji inda tsamin ya ragu sannan ya buɗe, wannan yana rage gyatsa. Har gari ake mayar da man: a lulluɓe kowane ɗigo da bango na ƙaro ko jelatin, a busar da shi da iska mai zafi. Ni a ganina, duk inda aka ce omega bai yi aiki ba, matsalar isarwa ce. Da an gyara ta, an gama.

Likitar Gaɓɓai:
Ƙanwata, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, sai jimlarki ta ƙarshe. A nan zan tsaya miki, domin wannan fatan an gwada shi, ba sau ɗaya ba.

A 1996 wasu likitoci a Italiya suka ba masu ciwon Crohn, wato kumburin hanji mai tafiya yana dawowa, man kifi a cikin kafso mai rufi irin wanda kika ambata. Mutum 78 ne, kuma waɗanda suka sha man ciwon bai yawan dawo musu ba. Kowa ya yi murna, aka ce lallai sirrin yana cikin rufin. Sai aka sake gwadawa da mutane sama da 700 a gwaji biyu da ake kira EPIC, giram 4 a rana, kitse sakakke, aka fitar da sakamako a 2008. Babu bambanci tsakanin masu shan man da masu shan kafson da babu shi a ciki.

Haka bushewar ido, wadda ita ma akwai kumburi a cikinta. Gwajin DREAM na 2018, mutum 535, giram 3 a rana har shekara guda. An auna jininsu, omega ya hau sosai. Idon kuwa bai fi na waɗanda aka ba man zaitun samun sauƙi ba.

Na uku ya fi kama da maganarki. An taɓa yin wani magani mai suna Epanova, kitse sakakke, wanda aka nuna yana shiga jini kusan ninki huɗu fiye da etil esta idan abinci ba shi da maiƙo. A fannin isarwa ya yi zarra. Aka gwada shi a kan mutum sama da 13,000 masu haɗarin ciwon zuciya a gwajin STRENGTH, aka dakatar a 2020 domin babu alamar amfani. Shi kuwa Vascepa, wanda EPA ne zalla a siffar etil esta, siffar da muke cewa tana da wuyar tsotsewa, shi ne ya rage matsalolin zuciya da kashi 25 cikin ɗari a gwajin REDUCE-IT mai mutum 8,179. Ko shi ma ana jayayya a kai, domin man da aka ba ɗaya rukunin don kwatantawa ya ɗaga musu alamomin kumburi a jini. Shigar abu jini daban, warkar da gaɓa ko hanji ko ido daban.

Mai Harhaɗa Magani:
Dakta, ban musa ko ɗaya ba. Amma kar Hajiya ta karanta wannan ta ɗauka an rufe babin. Gwaje-gwajen da kika kawo na hanji ne da ido da zuciya. Ita gaɓa ce ke damunta, kuma a nan ne hujjar omega ta fi tsayuwa da ƙafarta tun shekarun 1980. Sannan ni abin da nake gani kullum shi ne, mutum ba ya kai wata ukun da ake buƙata. Sati biyu ƙarni ya ishe shi, ya tura kwalbar bayan kabad. Kafson da ya rage masa gyatsa, ko ya mayar da tara zuwa uku, ya yi aiki babba ko da bai ƙara komai ba, domin aƙalla an sha.

Likitar Gaɓɓai:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Malam. Ni ma ina ba wasu majinyatana shawarar sha. Abin da aka fi gani shi ne raguwar ƙagewar safe, raguwar gaɓɓan da ke zafi in an taɓa, kuma wasu suna rage shan magungunan kashe zafi irin su ibufurofen, wanda alheri ne ga ciki da ƙoda. A Adelaide ta Ostireliya an ƙara wa sababbin kamuwa man kifi mai yawa, giram 5.5 a rana, a kan magungunansu na asali, kuma ciwon ya fi lafawa a wurinsu. Ku lura da kalmar: a kan magungunansu. Hajiya, ina roƙonki kar ki taɓa ajiye maganin da likitanki ya ba ki saboda man kifi. Na ga hannun da aka yi wa haka, yatsun sun karkace sun nufi gefe ɗaya, kuma gaɓar da ciwon ya cinye ba ta dawowa.

Maman Tagwaye:
In sha Allahu ba zan ajiye ba, Dakta. Amma don Allah a fahimtar da ni, me ya sa sai wata uku? Maganin zafi ai cikin awa guda nake jin sa.

Likitar Gaɓɓai:
Domin aikinsu ba iri ɗaya ba ne. Kowace ƙwayar halitta a jikinki tana da fata ta kitse. A cikin fatar akwai wani kitse daga dangin omega-6 mai suna arakidonik. Idan garkuwar jiki ta tashi faɗa, sai ta ciro shi ta ƙera sinadaran da ke kawo zafi da kumburi da ja. Maganin zafi yana toshe injin ƙerawar ne kai tsaye, shi ya sa kike jin sa da wuri. Omega-3 kuwa sannu a hankali yake shiga fatar yana karɓe wurin arakidonik, yadda in an zo ƙerawa sai a ciro EPA, abin da ya fito daga gare shi kuma bai kai wancan zafi ba. Canjin tubali ne ɗaya bayan ɗaya a gidan da ake zaune a ciki. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi kafin a sabunta su, shi ya sa ko awon omega a jikinsu ba a maimaita shi sai bayan wata uku zuwa huɗu.

Sista ta Ɗakin Jarirai:
Ku ba ni dama in sa baki, domin akwai wurin da hanyar isarwa ta zama ita ce komai, kuma na gani da idona. Jariran da aka yanke wa hanji mai yawa, ko bakwainin da hanjinsu bai fara aiki ba, ta jijiya ake ciyar da su. Kitsen da aka daɗe ana sa musu na waken suya ne, mai yawan omega-6. In aka jima, hantar wasunsu takan kumbura, ruwan madaciya ya tsaya. Na yi jinyar wani ɗan mitsitsi, idanunsa da fatarsa sun rine sun yi rawaya har suna neman komawa kore, kashinsa fari fat. Aka sauya masa zuwa kitse mai man kifi a ciki. Fari ne tas kamar madara, yana bin siririyar roba da famfo a hankali awa bayan awa. Ba a kwana ɗaya ba, makonni aka yi, amma kullum in na buɗe zanen goyonsa sai in ga rawayar tana janyewa. Ranar da kashinsa ya fara yin launi, mahaifiyarsa kuka ta yi.

Likitocin asibitin yara na Boston ne suka yi fice wajen fara wannan a farkon shekarun 2000, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Omegaven, kitsen man kifi da ake sawa ta jijiya, don irin waɗannan yara a 2018. Akwai kuma SMOFlipid, gauraye: waken suya kashi 30, kitse mai matsakaiciyar sarƙa kashi 30, zaitun 25, kifi 15. A nan babu ciki, babu madaciya, man yana shiga jini kai tsaye, don haka dole ɗigon su zama ƙanana sosai kar su toshe ƙananan jijiyoyi.

Auta Ɗalibar Kimiyya:
Sista, na gode, tsigar jikina ta tashi. Dakta, na karɓi gyara a kan cewa da na yi "duk". Amma ina da sauran magana, domin inda zuciyata take ba man ba ne kansa, abin da jiki ke ƙerawa daga gare shi ne. Wajajen shekarar 2000 Charles Serhan da abokan aikinsa a Harvard suka gano cewa kumburi ba mutuwa yake yi da kansa kamar wutar da itace ya ƙare mata ba. Jiki yana da sinadaran da ke zuwa su kashe ta: su hana sababbin fararen ƙwayoyin jini kwararowa, su sa wasu su share gawarwakin waɗanda suka mutu. Suka sa musu suna rizolbin, wasu daga EPA, wasu daga DHA, daga baya aka ƙara furotektin da maresin. Ƙarfinsu ya wuce na man nesa ba kusa ba, ɗan ƙanƙanin abu ya isa. Matsalarsu ita ce jiki yana rusa su nan da nan. Ashe a nan isarwa ce katangar, ko ba haka ba? Shi ya sa ake ɓoye su a cikin ƙananan ƙwallaye na kitse ko na wani abu mai narkewa a hankali, don a kai su gaɓar da ke ciwo su riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Wani misalin ma: a 2014 masu bincike a Singafo suka gano ƙofar da DHA ke bi ya shiga ƙwaƙwalwa, ana kiranta Mfsd2a, kuma ba ta karɓarsa sai a wata siffa ta musamman ta fosfolifid, wato irin kitsen da ke fatar ƙwayoyin halitta. Ke nan siffar tana iya yanke inda man zai je, ba yawan da zai shiga jini kaɗai ba.

Likitar Gaɓɓai:
Yanzu kin zo inda muke tare. A kan rizolbin, eh, isarwa babbar katanga ce, kuma ina fatan ku ne za ku rushe ta. Abu biyu kawai za ki riƙe. Kusan duk nasarar ƙananan ƙwallayen nan a jikin ɓeraye aka same ta, kumburin da aka ƙirƙiro wa ɓera cikin sati biyu kuwa ba ɗaya yake da na matar da ta shekara uku da shi ba. Sannan a tsakanin masanan kansu akwai masu jayayya a kan ko adadin rizolbin da ake aunawa a jikin mutum ya kai yadda aka ruwaito. Ki shiga fannin da idonki a buɗe. In kin ga kwalba an rubuta "nano" a jiki, wato mai ƙananan ɗigo, tambayi gwajin da aka yi da mutane masu ciwo, ba awon jini kaɗai ba.

Dattijo:
'Ya'yana, na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Ni gwiwa ce ke damuna, kuma ina shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, saboda bugun zuciyata ba ya tafiya daidai. Ɗana ya kawo min man hantar kifi. In ɗauki cokali nawa in kai giram ɗin da kuke faɗa? Ko in nemi na tsirrai, tunda an ce shi ma omega-3 ne?

Likitar Gaɓɓai:
Baba, don Allah dakata, kar ka fara sai ka ga likitan zuciyarka. A manyan gwaje-gwajen da aka ba da giram 4 a rana, an sami ƙarin masu kamuwa da irin rikicewar bugun da kake fama da ita. Ga kuma warfarin, wanda duk abin da za a ƙara a kansa sai mai auna maka jini ya sani. Ciwon gwiwar tsufa kuma yawanci zaizayar guringuntsi ce, ba irin na Hajiya ba, kuma hujjar omega a kansa ba ta da ƙarfi.

Mai Harhaɗa Magani:
Ƙari a kan na Dakta, Baba. Man hantar kifi daban yake da man jikin kifi. Na hanta yana ɗauke da bitamin A da D, kuma in mutum ya bi shi da cokali don ya tara giram uku na omega, bitamin A zai taru masa ya yi yawa. Mai juna biyu ma ta fi kowa kiyaye wannan. Na tsirrai kuwa wani nau'in omega-3 ne daban mai suna ALA, sai jiki ya juya shi zuwa EPA, abin da yake iya juyawa kuma bai kai kashi 15 cikin ɗari ba, zuwa DHA ma ya fi haka ƙanƙanta. Wanda ba ya son na kifi, akwai man da ake samu daga ƙananan tsirran ruwa da ake nomawa a manyan tankuna. Can ne ma kifin ke samo nasa.

Dattijo:
To madalla. Na ajiye cokalin sai na je asibiti.

Maman Tagwaye:
Na dawo da bayani. Na ga likitana jiya, na nuna masa kwalbar da abin da kuka rubuta. Ya duba magungunana ya ce babu wanda zai yi karo, ya sauya min zuwa mai ƙarfi, ya ce in raba shi biyu in riƙa sha a tsakiyar cin abinci, rana da dare, kuma in riƙa rubuta minti nawa yatsuna ke ɗauka kafin su saki kowace safiya har mu haɗu bayan wata uku. Yau minti 50 na rubuta. Malam, tsohuwar kwalbar fa? A kan taga take tun da na saya, saura kusan rabi.

Mai Harhaɗa Magani:
A kan taga, rana tana dukanta? Hajiya, ɗauki kafso ɗaya ki huda shi da allura, ki matse a cokali ki sansana. Mai lafiya ƙarninsa kaɗan ne. In kin ji wari mai kaifi kamar na tsohon fenti, ko ya ɗaci harshe, iska ta riga ta ɓata shi. EPA yana da gurabe biyar a sarƙarsa da iskar oksijin ke kamawa, DHA shida, shi ya sa ya fi sauran mai saurin lalacewa, zafi da haske kuma suna ƙara masa gudu. Sabuwar ki rufe ta sosai ki sa a firiji ko cikin kabad mai sanyi da duhu.

Maman Tagwaye:
Na huda. Warin fenti ne sak, har tagwayen suka toshe hanci suka bar ɗakin. Na zubar da ita.